WANDA BAI IYA BA, ME YA HANA SHI SANIN BAI IYA BA?



Na san wasu za su yi mamakin jin cewa a kan karta zan yi magana. To, ku kwantar da hankalinku, ban zo tallar caca ba. Addini ya hana ta, hankali ma ya ƙi ta. Amma likita yakan ɗauki ƙwayar cuta ya sa a madubin bincike don ya ga yadda take aiki. Haka zan yi da wani wasan karta na Amurka da ake kira foka, domin babu inda ake ganin wata cuta ta ɗan Adam ƙarara kamar a teburinsa. Cutar kuwa ita ce mutum ya kasa, amma ya yi ta ganin shi gwani ne.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kati 52 ne. A irin da aka fi yi, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya sannu a hankali. A kowane mataki mutum zai zaɓa, ko ya ƙara kuɗi, ko ya biya daidai abin da aka sa, ko ya ajiye katinsa ya haƙura. Wasa ne na sa'a, amma akwai gwaninta a ciki. Masanin tattalin arzikin nan Steven Levitt da abokin aikinsa Thomas Miles sun duba babbar gasar duniya ta 2010 a Las Vegas. Suka ga waɗanda aka riga aka san su da ƙwarewa sun ci ribar sama da kashi 30 cikin ɗari, sauran kuwa sun yi asarar kimanin kashi 15. Ke nan akwai gwanaye, akwai kuma masu ciyar da su. Abin tambaya shi ne, me ya hana masu ciyarwar nan su gane matsayinsu?

Dalili na farko, sa'a tana ruɗi. A dara, idan ka zauna da wanda ya fi ka, zai cinye ka yau, ya cinye ka gobe, har ka san inda ka tsaya. A foka ba haka ba ne. Idan aka haɗa kati mafi ƙarfi, wato biyu masu alamar A, da wanda ake ɗauka mafi rauni, wato 7 da 2 masu fure dabam-dabam, mai raunin yakan ci kusan sau ɗaya cikin takwas. Saboda haka wanda bai iya ba yana da darensa na nasara, kuma wannan daren zai riƙe a ransa. A 2003 wani akawun kuɗi daga jihar Tennessee, mai suna Chris Moneymaker, wanda ba sana'arsa ba ce, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. Zuwa 2006 masu shiga wannan gasa sun kai 8,773. Kowa ya ga wanda ya ci, babu mai ƙirga waɗanda suka koma gida hannu rabbana.

Dalili na biyu, zuciya ba ta da adalci wajen lissafi. Masanin halayyar ɗan Adam Thomas Gilovich ya nuna a 1983 cewa 'yan caca sukan karɓi nasara ba tare da bincike ba, amma su yi ta tonon faɗuwa har su mai da ita "saura kaɗan na ci." In ya ci, basirarsa ce. In an cinye shi, katin ne ya ƙi. Da irin wannan alƙalanci ai mutum ba zai taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Dalili na uku shi ne ya fi zurfi. Ilimin da ake bukata a yi abu daidai, shi ne kuma ake bukata a gane an yi kuskure. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell sun yi wa ɗalibai gwaji a kan nahawu da tunani bisa hujja da gane barkwanci, sannan suka ce kowa ya kimanta kansa. Waɗanda suka zo a rukunin ƙarshe, a zahiri kashi 12 cikin ɗari kawai suka fi, amma suka zaci sun fi kashi 62. Masana na muhawara a kan ko wane kaso na wannan giɓi ya fito daga yanayin lissafin kansa, sai dai akwai abin lura a binciken: da aka koya wa masu raunin darasin, sai suka fara ganin rauninsu. Ɗan foka da bai san lissafin yiwuwa ba, zai biya dala 50 don neman tulin dala 100 da katin da ba ya zuwa sai sau ɗaya cikin biyar. Asara ce tsantsa in aka daɗe ana yi, amma ba shi da ma'aunin da zai nuna masa. Gaskiyar Bahaushe, rashin sani ya fi dare duhu.

Dalili na huɗu, babu mai gaya masa. A teburin foka gwanaye suna kiran irin wannan mutum kifi, kuma ƙa'idarsu ce kada a tsorata kifi. In ya yi wauta ya ci, sai su yaba masa, domin sun san kuɗin aro ne, zai dawo. Kuma katin da aka ajiye ba a buɗe shi, don haka sau da yawa ba ya sanin ko an yaudare shi ne. Wa zai faɗakar da akuyar da yake tatsa?

'Yan'uwa, yanzu mu bar Las Vegas mu dawo cikin wannan zaure. Lokacin da muke ɗalibai, malaman nan da ke zaune gabanmu sun hana mu wannan ruɗi. Ka rubuta shirme, jan biro ya bi ta kai. Ƙarshen zango a liƙa sakamako, kowa ya ga na nawa ya zo. Yana da ɗaci, amma gata ne. Yau fa? A cikinmu akwai darakta, akwai shugaban makaranta, akwai ɗan kasuwa, akwai mai gida da iyali. Duk wanda ke ƙarƙashinmu "ranka ya daɗe" yake cewa. Ɗan kasuwar da ya sayi hatsi ya ɓoye, farashi ya tashi, sai ya ce hangen nesa ne, in ya faɗi kuma ya ce laifin gwamnati ne. Rayuwar manya ta fi kama da foka a kan dara: sakamako yana jinkiri, sa'a tana cuɗanya da ƙoƙari, masu yabo kuma suna da abin da suke nema.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, mu riƙa rubutawa. Ƙwararrun 'yan foka suna ajiye lissafin dubban wasanni, don sun san ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce. Kafin ka yanke babbar shawara, rubuta dalilinka da abin da kake tsammani, bayan shekara ka buɗe ka karanta. Na biyu, mu auna shawara da abin da aka sani lokacin yanke ta. Annie Duke, tsohuwar gwanar foka, ta yi littafi a 2018 tana gargaɗi a kan wannan: kyakkyawan sakamako ba shi ne shaidar kyakkyawar shawara ba. Direban da ya yi tsere a kwana ya tsira, ba gwani ba ne, kwanansa ne ke gaba. Na uku, kowa ya nemi mai jan bironsa, mutumin da ba ya cin abinci a hannunsa. Ina ganin wannan ne babban amfanin ƙungiyarmu. Wanda kuka sha bulala tare a aji ɗaya ba ya tsoron rawaninka. In ya ce maka ka kauce, ka tuna gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malamanmu, mun gode da jan biro.