Ƙwaƙwalwar Rauta da Yadda Take Farkawa



An nemi in yi jawabi a kan wata na'ura wadda kusan kowace ma'aikata take da ita, amma ba safai ake tunawa da ita ba sai ran da ta tsaya. Ita ce rauta, watau na'urar da take zaune a mararrabar hanyoyin sadarwa, tana duba adireshin kowane ƙunshin saƙo, ta zaɓa masa hanyar da zai bi. Zan kafa misalaina da rautocin kamfanin Cisco, wanda Leonard Bosack da Sandy Lerner suka kafa a Amurka a 1984, domin da su aka fi koyar da ɗalibai.

Kakar waɗannan na'urori ita ce IMP, wadda aka girke a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas a 1969. Ƙaramar kwamfuta ce ƙirar Honeywell, ƙwaƙwalwarta duka-duka kimanin kalmomi 12,000, an kuma yi ta da 'yan zobban maganaɗisu waɗanda ba su mance abin da aka ba su ajiya ko an ɗauke wuta. Ƙwaƙwalwar rautar yau ta fi wannan girma da sauri nesa ba kusa ba, sai dai ɓangarenta mafi sauri yana da mantuwa. Shi ya sa aka kasa ta gida huɗu.

Akwai ROM, wadda tun daga masana'anta aka rubuta mata 'yan umarnin tashi. Akwai filash, inda ake ajiye babbar manhajar gudanarwa, wadda Cisco ke kira IOS. Waɗannan biyu ba su da rigima. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin RAM da NVRAM. RAM ita ce teburin aiki: a nan jadawalin hanyoyi yake, a nan saƙonni ke jiran layi, a nan kuma duk wani umarni da injiniya ya buga yake sauka, ya fara aiki nan take. Da zarar wuta ta ɗauke, sai teburin ya koma fayau. NVRAM kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta mantuwa, aikinta riƙe tsarin da na'ura za ta tashi da shi. To, abin da aka buga a RAM ba ya shiga NVRAM da kansa, sai an ba da umarnin kwafewa. Injiniya zai iya yini yana gyara, kome ya tafi daidai, a yi wata uku ana aiki lami lafiya. Ran da wuta da batir suka yanke tare, na'ura ta farka da tsohon tsarinta, a rasa dalilin da ofishin biyan albashi ya kasa samun hedkwata. A wurin da ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yanzu sai tashin. Da an kunna, umarnin ROM ne ke fara binciken sassan jiki, ya tabbatar lafiyarsu. Daga nan sai a duba wata 'yar lamba mai bit 16, wadda bisa al'ada take 0x2102. Alƙalaminta na ƙarshe shi ke faɗin inda za a nemo IOS. Galibi daga filash ake ɗauko ta, a warware ta cikin RAM. In ba a same ta ba, ana iya roƙo daga wata kwamfuta ta hanyar TFTP. In duk an rasa, na'ura ta tsaya a ROMMON tana jiran mutum. Bayan IOS ta zauna, sai ta kwafo tsarin da ke NVRAM. In ta tarar babu, ta shiga yi wa mai ita tambayoyi kamar sabuwa. Ku lura, jadawalin hanyoyi ba a ajiye yake ba. Ban da 'yan hanyoyin da aka rubuta da hannu, sai ta sake koyonsa daga maƙwabtanta.

Ina so shugabannin ma'aikatu su riƙe wannan: in aka mai da lambar nan 0x2142, na'ura za ta tsallake NVRAM, ta tashi ba kalmar sirri. An yi haka ne don wanda ya mance tasa, amma duk wanda ya kai hannu ga na'urar da igiyar da ta dace zai iya yi. A ganina, makullin ɗakin yana daidai da kalmar sirrin wajen muhimmanci.

Manyan rautoci suna da wata ma'adana ta musamman, TCAM, don saurin nemo hanya. A wasu tsofaffin ƙirar Cisco, irin su 6500 da 7600, wurin da aka ware a cikinta bisa al'ada na hanyoyi kimanin 512,000 ne. Ran 12 ga Agusta 2014 hanyoyin intanet suka zarce wannan adadi, na'urori da dama suka rikice, sadarwa ta yi tangarɗa a wurare daban-daban. Maganin shi ne a sake raba ma'adanar, a ƙara wa waɗannan hanyoyi wuri, kuma sabon rabon ba ya aiki sai an kashe na'urar an sake kunna ta.