Koyarwar Gita da Aikin Hannu a Zawiyyar Gandhi

Littafin Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, wanda ke cikin doguwar waƙar Mahabharata, ya bayyana wa mabiya addinin Hindu hanyoyin kaiwa ga moksha, wato kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa, kuma malamansu kan kasa hanyoyin gida uku: ta ilimi, da ta ƙaunar abin bauta, da ta aiki. Ta ukun, wadda ake kira karma yoga, ita ta fi shafar magidanci da manomi da ɗan kasuwa, domin ba ta bukatar mutum ya bar iyalinsa ya shige daji. Abin da take nema shi ne ya sauke dharma, wato nauyin da ke wuyansa, iyakar ƙarfinsa, ba tare da zuciyarsa ta rataya ga riba ko yabo ba.

Mohandas Gandhi, wanda ya fara karanta littafin a Landan yana ɗalibin aikin lauya, ya ɗauki wannan koyarwa a matsayin abin da ake gwadawa da hannu. A ashram ɗin da ya kafa a Ahmedabad a 1915, wato zawiyyar da almajirai ke zaune tare da malaminsu, ana karanta Gita a wajen addu'a, sannan kowa ya yi kaɗi da saƙa, ya kuma wanke masai, aikin da al'ada ta keɓe wa waɗanda ake ƙyamar taɓawa, 'yan Dalit. A wannan shekarar ya karɓi wani iyali daga cikinsu, sai masu ba da taimako suka janye hannu, matarsa Kasturba ma ta nuna rashin yarda, amma bai kori baƙin ba, har ya yi niyyar komawa unguwar 'yan Dalit da zama kafin attajiri Ambalal Sarabhai ya kawo masa rupi 13,000. Nan ne rashin damuwa da sakamako ya tashi daga karatu ya zama hali, tunda zawiyyar tasa ya sa a kan siraɗi.

Adalci kuwa ya wajabta a saurari Bhimrao Ambedkar, ɗan Dalit da ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, wanda ya ce Gita kanta tana kare varna, wato rabuwar jama'a aji huɗu, don haka umartar kowa da riƙe aikinsa na iya zama umartar mai kwasar bayan gida da ya dawwama a kai. Sukar tana da nauyi ƙwarai, musamman da yake Gandhi ya daɗe yana kare varna alhali yana yaƙi da ƙyamar, kuma Ambedkar ya bar addinin ya koma na Buda a 1956. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓawa, amma sai da majalisa ta yi doka a 1993, ta sake wata a 2013, don hana sa mutane kwashe bayan gida da hannu.