Gyaɗar Ƙamshi: Kaɗan Armashi, Da Yawa Guba

 

An ce mu 'yan kayan yaji mu yi wa jama'a bayani a kan abin da muke sayarwa. To, mun zaɓi gyaɗar ƙamshi, don ita ce muka ga ana ta sha'ani da ita a garin nan na Kwantagora ba tare da an san ta ba.

Da farko a rarrabe abu biyu da ake rikitawa a gaban teburinmu. Akwai gyaɗar miya, wadda Ibo ke kira ehuru, Yarbawa su ce ariwo. Ita 'yar ƙasa ce, daga dazukan Kudu ake kawo mana ita, ana gasa ta a ɓare a daka a zuba a farfesu da yajin jego. Sannan akwai gyaɗar ƙamshi, mai kamar ƙwan kurciya, wadda ake gogawa a cincin da kek da fanke. Larabawa na kiran ta jauzatuɗ ɗib. Itatuwansu daban ne, kuma maganarmu ta yau a kan ta biyun take.

Asalinta wasu 'yan tsibirai ne da ake kira Banda a ƙasar Indonesiya. A da nan kaɗai take fitowa, har ta zama abin yaƙi. A 1621 Turawan Holan suka ci tsibiran da yaƙi, suka hallaka akasarin mutanen wurin, don kawai cinikinta ya zama nasu su kaɗai. A 1667 kuma Ingila ta bar wa Holan tsibirin Run mai wannan itace, ita kuma ta riƙe Manhatan, inda birnin New York yake yanzu. Ku duba fa, abin da yaro ke zuwa saya da canjin cefane! Itacen kan yi shekara 7 zuwa 9 kafin ya fara 'ya'ya, kuma har gobe Indonesiya da Indiya na cikin manyan masu noman ta.

Amfaninta ba a musu. Tana kashe ƙarnin ƙwai da madara, tana gyara nama, tana sa wa shayi armashi. Amma duk wannan aiki ɗan gogawa kaɗan ke yin sa. Rabin cokalin shayi ya ishi mudun fulawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a cikin man da ke jikinta akwai wani sinadari da likitoci ke kira miristisin. In mutum ya sha kamar giram 5 a zama ɗaya, wato cokalin shayi biyu da ɗoriya, ko ƙwaya ɗaya babba, zai iya shiga wahala: jiri, amai, bushewar baki, zuciya na dukan uku-uku, firgita, har da gane-gane. Mugun abin, ba nan take take kamawa ba. Sai bayan awa uku ko fiye, shi ya sa mai sha kan ɗauka ba ta yi aiki ba, ya ƙara. In ta kama kuwa, takan yi kwana ɗaya ko biyu ba ta saki ba.

Mu da ke zaune a kasuwa muna ganin abubuwa. Wata rana mace ta zo wurinmu neman ƙwaya uku, ta ce an gaya mata a jiƙa wa jariri don ya daina kukan dare. Muka hana ta, muka ce ta kai shi asibiti a duba abin da ke damun sa. Jikin jariri bai iya ɗaukar abin da ke kayar da ƙato. Haka mai juna biyu, ta tsaya a ɗan abin da ke cikin abinci, kada ta sha ta a matsayin magani. Masu haɗa ta da yawa cikin kayan mata su ji tsoron Allah. Samari kuma da ke zuwa neman ta ba don girki ba, mun san su, mu daina sayar musu.

Malamanmu na nan, su ne masu fatawa, mu dai abin da muka karanta za mu faɗa. Ibnu Hajar Alhaitami ya lissafa ta cikin abubuwan da ke gusar da hankali, ya hana ta. Wasu malaman Malikiyya sun yi rangwame a ɗan kaɗan. A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwaiti ya ce ba laifi a sa kaɗan don gyara abinci, muddin bai kai ga sa maye ba. Ashe ko mai sauƙaƙawa bai yarda a sha ta da cokali ba.

Saura maganar ajiya, wadda ta fi shafar mu 'yan kasuwa. Daminar Kwantagora ta fi ta Katsina da Sakkwato laima, kaya na saurin yin fumfuna. Fumfunar nan kan haifar da gubar aflatoksin, irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mai saye ya zaɓi ƙwaya mai nauyi, marar huji, wadda in an soka mata allura mai zai ɗan tsattsafo. Gara a sayi ƙwaya a goga a gida da a sayi gari, don wasu daga cikinmu, mu faɗi gaskiya, wadda ƙwari suka ci suke niƙawa. Araha ba ta ado. Wadda ta ɓaci a zubar, asarar kuɗi ta fi asarar rai sauƙi.

Muna roƙon ƙungiya ta sa mata su isar da wannan bayani a makarantun Islamiyya da gidajen biki. Wanda kuma ya ga wani ya sha da yawa, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita abin da ya sha da yawansa, kada a ɓoye.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mana zuriya.