Ƙaramin Maɓalli Ne Ke Gyara Murya

A rediyon masu sha'awa, tsarin SSB yana turo murya ba tare da igiyar da ke ɗauke da ita ba. Shi ya sa kuskuren hertz 200 kacal wajen saita zango kan mayar da muryar dattijo kamar ta agwagwa. Maganin yana ga ƙaramin maɓallin RIT, mai gyara ɓangaren ji kaɗai. Wanda ya murɗa babban maɓalli kuwa ya matsar da zangon da yake magana a kai, abokin hirarsa ya biyo shi, su yi ta korar juna. Wasu za su ce rediyon zamani ba ya kuskure. To, na abokin hirarka fa? Tsohuwar na'ura takan zame idan ta ɗau zafi, kuma lambobin allonka ba za su nuna maka ba.