Samarwa da Rarraba Wutar Lantarki a Ƙaramin Gari: Misali Daga Ƙasar Gusau



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wutar lantarki tun daga inda ake samar da ita har zuwa gari irin Ruwan Bore a ƙasar Gusau, sa'an nan a duba wanda alhakinta ya rataya a wuyansa.

Da farko dai, galibi ana samun wutar lantarki ne ta hanyar juya wani abu. A cikin janareta akwai maganaɗisu wanda yake juyawa a tsakiyar naɗaɗɗiyar wayar tagulla, wannan juyi kuwa shi ke haifar da wutar. Abin da ke juya shi ne kaɗai ya bambanta: a madatsar Kainji ƙarfin ruwan Kwara ne, a manyan tashoshin kudu iskar gas ce, a ƙaramin gari kuwa injin dizal.

A zamanin da, gari yakan mallaki wutarsa. Alal misali, En'e ta Kano da ta Katsina kowace tana da gidan wutarta, ita ke sayen mai, ita ke biyan ma'aikata, ita ke karɓar kuɗi. Hukumar ECN, wadda aka kafa bisa dokar 1950, ta karɓe waɗannan gidaje. A 1972 aka haɗa ta da hukumar madatsun Kwara, aka sami NEPA, a 2005 kuma PHCN ta gaje ta. A watan Nuwamba na 2013 aka sayar da kamfanonin rarrabawa, Jihar Zamfara ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kabi.

To, ta yaya wutar ke tafiya? Waya takan ci wani kaso na wutar da ta ɗauko, ya zama zafi ya lalace. Domin rage wannan hasara, taransifoma takan ɗaga ƙarfin wuta zuwa bolt 330,000 a bakin tasha. A Kaduna a sauke shi zuwa 132,000, layi ya biyo ta Zariya da Funtuwa ya iso Gusau. Daga nan layuka masu bolt 33,000 suke fita zuwa garuruwan kewaye kamar Tsafe da Bungudu, a cikin gari kuma a rage zuwa 11,000. Taransifomar unguwa ita ce zangon ƙarshe, inda ake mai da shi kimanin 230 domin fitila da fanka da injin markaɗe.

Abin lura a nan shi ne, wutar da ke cikin waya ba hatsi ba ce balle a zuba ta a rumbu. Wajibi ne abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. In buƙata ta fi samu, sai a yanke wa wasu, garin da ke wutsiyar layi kuwa shi ya fi ji a jika. Haka nan in iskar bazara ta kayar da falwaya guda, duk ƙauyukan da ke bayanta sun shiga duhu, allurar rigakafi ta lalace a firijin asibiti, mai walda ya rufe rumfa.

Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Bugu da ƙari, farashin faranti mai zuƙar hasken rana ya sauko ƙwarai, har gari guda yana iya kafa tasharsa da batura, ya ja waya zuwa kasuwa da asibiti da gidaje. Amma inji ba ya riƙe kansa. Gidan wuta na gari ba ya ɗorewa sai da mita a kowane gida, da kuɗin da ake karɓa a kan kari, da asusun gyara, da ƙwararren ma'aikaci mazaunin garin. Wannan aiki kuwa na ma'aikatan ƙananan hukumomi ne da ɗaliban da za su gaje su.

Allah ya sa a dace, amin.