Tayar yankan cincin: jawabin ɓangaren masu suya

Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayenmu da yayyenmu, da mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna can baya, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana wannan rana da rai da lafiya.

Mu ne ɓangaren masu suya, mu 6, masu kai cincin da dublan da mitfai kasuwa. An ce mu ma mu tashi mu faɗi abin da muka ƙaru da shi bana. Takardar nan da hannunmu muka rubuta ta a ajin yaƙi da jahilci, Malama ta gyara mana inda harafi ya kauce. In kun ji karatun yana tuntuɓe ku yi mana uzuri, sai da muka haura arba'in sannan muka fara riƙe biro.

Abin da muka zo da shi ga shi nan a hannu, ƙarami ne. Taya ce ta ƙarfe mai kaifi, da mariƙi, ana gara ta a kan kwaɓin fulawa ta yanka shi. Akwai mai santsin baki, akwai mai baki kamar haƙoran zarto, akwai kuma babba mai taya 5 a jere, wadda ake buɗawa ko a matse gwargwadon girman yankan da ake so. Mun ga wasu suna murmushi, wai a kan wannan za a tara jama'a? To ku saurara ku ji abin da ya same mu tukuna.

Bara aka ba mu aikin gara, cincin bokiti 3. Kuɗin fulawa da siga da mai rance ne daga asusun ƙungiyar nan, har Singa muka je muka ɗauko buhu mai kilo 50. Lokaci ya ƙure, muka kwana muna yanka da wuƙa, mu da 'ya'yanmu, kowa da nasa hannun. Na wannan kamar gyaɗa, na waccan kamar goro. Muka ce ai duk ciki za shi. Da aka zuba a mai, ƙananan suka yi ja suna neman ƙonewa, manyan kuwa ko rabi ba su kai ba. Dole muka kwashe saboda ƙananan. A ido ya yi kyau, amma cikin manyan da sauran danshi. Muka ƙara da namu laifin, gaskiya ɗaya ce, muka rufe bokitan tun bai gama hucewa ba. Kwana 5 tsakani uwar amarya ta aiko mana da bokiti guda, ya yi laushi, har ya fara canja ƙamshi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi dangin ango sun gani. Wallahi da ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Wata 2 muka yi muna biyan rancen nan daga cinikin rumfa, kuma Ma'aji tana nan zaune, ita ce shaida.

Bayan nan ne ɗaya daga cikinmu ta ga tayar a wajen masu kayan kicin a Sabon Gari, ta sayo ƙaramar. Mun yi mata tsiya, muka ce kayan 'yan gayu ne, iyayenmu da wuƙa suka aurar da mu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka ne, sai dai idon da ya kai ƙarfe 2 na dare yana yanka, kimarsa ta tafi barci.

Ga yadda muke yi yanzu, don wadda za ta ara ta sani. Kwaɓin ya zama mai ɗan tauri, in ya yi ruwa zai liƙe wa tayar ta ƙi juyawa. A rufe shi ya huta kamar minti 20, saboda kwaɓin da bai huta ba in kin murza sai ya tsuke ya dawo. A barbaɗa fulawa a katako, a murza da muburgin fulawa ko kwalba, kaurin ya zo ɗaya tun daga tsakiya har gefe. Wannan wajen mutane ke sakaci. Taya tana daidaita tsawo da faɗi ne kawai, kauri aikin hannunki ne. Sannan a tsoma tayar a fulawa, a danna, a gara ta sau ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ban da kai da komo kamar mai guga, yana yaga kwaɓin. A gama layukan tsaye, a juyo a yi na kwance. Kuma a katako ake yi, a kan tire na ƙarfe bakinta dakushewa yake yi, tiren ma ya karce. Gutsattsarin gefe mukan tara su daban mu soya a ƙarshe, na yara ne, ba ya shiga leda.

Tun da yankan ya daidaita, kasko guda tare yake nuna, tare ake kwashewa. Man ma ya daina saurin yin baƙi, don babu ƙananan da ke ƙonewa a ciki. Kun san yadda kuɗin man gyaɗa da fulawa suka koma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, yanzu ko ludayi ɗaya ba abin zubarwa ba ne.

Amma abin da ya fi ba mu mamaki a aji ya faru. Malama tana koya mana sau, wasunmu kai ya ɗau zafi. Sai ta ce mu zo da kwaɓi. Aka murza, aka ja layi ya fita 10 a tsaye, 12 a kwance. Ta ce nawa ne? Muka duƙa muna ƙirgawa ɗai-ɗai, muka samu 120. Ta rubuta 10 sau 12 a allo. Ajin nan ya yi tsit, sai wata Inna ta ce, au, dama abin da ake nufi ke nan? Daga ranar muka ɗauki littafi. Mudu nawa aka kwaɓa, leda nawa ya fitar, nawa aka kashe. A nan muka gano mitfai yana cin mu ba mu sani ba. Da murfi muke fitar da shi, yau murfin kofi, gobe na samira, duk wanda hannu ya kai. Mudu ɗaya wata rana ya ba da 30, wata rana 24, kuɗin kuma ɗaya muke sayarwa. Yanzu zobe ɗaya muka tsayar, shi kaɗai.

Mai haƙoran zarton nan ta dublan ce, bakinsa yana fita da ado, in aka naɗe aka tsoma a ruwan siga sai ka ce na kanti. Akwai kuma wani abin daban da ake sayarwa tare da su, mai ƙarafa a lanƙwashe da mariƙi a sama, na sara bota cikin fulawa har ta yi washar-washar kamar burabusko. Amfaninsa lokacin bazara ne, da zafin hannu ke narkar da bota, mitfai ya fito da tauri. Mu dai a ganinmu in ba mitfai kike yi kullum ba, bar kuɗinki, cokali mai yatsu ma yana yi.

Yanzu ga kukanmu, Hajiya. Babbar mai taya 5 guda ɗaya ƙungiya ta saya, mu kuma mun fi 40. Satin ƙaramar Sallah saura kaɗan zumunci ya ɓaci a kanta. Wata ta riƙe kwana 4, wata ta ba maƙwabciyarta da ba 'yar ƙungiya ba, aka dawo da ita da busasshen kwaɓi a gindin tayoyin, ɗaya ta yi tsatsa ta ƙi motsi. Ba za mu kama suna ba, yau ranar farin ciki ce. Muna roƙon a duba asusu a ƙaro 2 kafin azumi, kuma duk mai ara ta ajiye ɗan abin da aka yanke, don in ta lalace a samu na gyara. Mun riga mun saya wa Sakatariya littafi mai layi. Aro kwana ɗaya ne, a wanke, a goge ta bushe sarai, a ɗiga man gyaɗa a inda take juyawa. Mai ɗauka ta rubuta sunanta da kanta. Wadda ba ta iya ba tukuna ta dangwala yatsa, ajinmu kuma Asabar da Lahadi ne bayan la'asar, akwai sauran benci.

Cincin da ke cikin farantan gabanku da ita aka yanka. A taimaka a miƙa wa na baya, mun ga har yanzu bai kai wajen maza ba.