Dokokin Kare Yara Daga Sharrin Intanet



Jawabin yau ya shafi wani abu ne da ke cikin aljihun kowane mai neman abinci a Kurmi, daga Agege zuwa Sabon Badun har Fatakwal, watau wayar hannu, da kuma dokokin da ƙasashe suka kafa domin kada ta zama ƙofar cutar da yara.

Tun cikin 1998 Amurka ta hana kamfanonin intanet tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da yardar iyayensa. A kan wannan doka ce aka ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 cikin 2019. Ga kamfani mai wannan ƙarfi kuwa, wannan kuɗin goro ne kawai. Ingila ta ɗaura tarar a kan arzikin mai laifi: dokarta ta 2023 ta ba hukumar Ofcom ikon cin kamfani har fam miliyan 18, ko kashi 10 daga cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya duka, wanda duk ya fi yawa. Ostareliya ta zarce nan. Daga ran 10 ga watan Disamba, 2025, an hana yaron da bai cika shekara 16 ba mallakar shafi a Facebook, da Instagram, da TikTok da makamantansu. In an same shi a ciki, laifin na kamfani ne, ba na yaron ko iyayensa ba. Watau wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya, shi aka ɗora wa yi mata murfi.

Nijeriya ma ba ta rasa doka ba. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Ikko ta karɓa cikin 2007. Sashe na 23 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 20 ba, ko duka biyu, ga mai shirya hotunan batsa na yara ko mai yaɗa su. Sai dai wannan hukunci yana zuwa ne bayan aikin gama ya gama.

Ɓarnar kuwa ba a nesa take ba. Cikin watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya, na masu yaudarar mutane su aiko da hoton tsiraicinsu, sa'an nan su nemi kuɗi da barazanar tona asiri. A shekarar nan kotun Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Ikko shekara 17 da rabi kowannensu, saboda wani yaro ɗan shekara 17 a Jihar Michigan da suka matsa wa har ya kashe kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, akasarin dokokin nan a kan shekaru suka rataya. To, a ɗakin haya na ɗan kasuwa waya ɗaya ce ke zagaya gida. Layin da sunan maigida aka yi masa rajista, shafin ma nasa ne. Idan ya dawo daga kasuwa a gajiye ya miƙa wa ɗansa mai shekara 11, abin da kamfani ke gani magidanci ne, ba yaro ba. Duk wani shinge da doka ta gina ba ya aiki a wannan lokaci.

Sa'an nan ga kunya, wadda ita ce jarin azzalumin. Yaron da ya faɗa tarko ya fi tsoron bulalar mahaifinsa da tsegumin zango bisa ga mai yi masa barazana, don haka sai ya yi gum, ya shiga sacen kuɗin cefane yana biya. A idon doka kuwa shi ne wanda aka zalunta. Uban da ya gano haka kada ya biya ko kwabo, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Kada kuma fushi ya sa ya goge saƙonnin, gama su ne shaida. Ya ɗauki wayar yadda take ya kai wa 'yan sanda ko hukumar NAPTIP.